Babban Yatsan Mma Zuwera

A Aboabo, inda kwata ke raba layin masu goro da na teloli,
ina da tebur, da fitila, da ɗan ƙarfen kwance waya.
Wadda ta faɗa cikin koko ni ake kawo wa.
Wadda ta yi gum, ni ke buɗe mata ciki.

Wata uku kafin zaɓe wani ya tsaya da mota mai baƙin gilashi.
Ya ce, Basiru, an ce yatsunka ba sa barci.
Ya ajiye waya shida.
Kuɗin ta iska suka zo, ban ƙirga ba, ban ji warinsu ba,
allo ne kawai ya ƙifta mini ido.

Daga ranar na zama mutum goma sha biyu.
Ni ce hajiyar da ke kukan tsadar gas,
ni ne ɗan makarantar da ya gaji da alkawari,
ni ne dattijon da ya rantse da idonsa ya gani.
Da hantsi in zagi kaina,
da la'asar in rama,
kafin isha'i Zango ya ɗauka, har Asawase, har Kejetiya,
direban trotro na maimaita wa fasinja maganata
yana cewa daga majiya mai tushe ya ji.

Ba duka ƙarya ke yawo ba, kar in ci amana.
Ran da ruwa ya shiga ɗakin Adiza har gwiwa
ta ɗaga waya sama da kai, ta ɗauki katifarta tana iyo.
Shekara tara muna kai takarda ofis.
Kwana biyu hoton ya yi, sai ga motar yashe kwata,
sai ga mai neman kujera da takalmin roba sabo fil,
da yaro a bayansa yana ɗaukar yadda yake riƙe shebur.

Wani dare kakata ta miƙo mini wayarta mai tsagaggen gilashi.
Ta ce, saurari bawan Allahn nan,
tsoho ba ya ƙarya.
Muryata ce, na kauraro ta da na'ura.
Na saurara har ƙarshe.
Na ce, Mma, batirinki ya kusa mutuwa.

Ranar zaɓe ta riga liman fita.
Ta sa mayafin da take zuwa suna da shi,
ta tsaya a layi da kujerar roba a hannu.
Da aka zo kanta, akwatin tantancewa ya ƙi ta.
Shekara hamsin tana wanke goro, tana jera shi a ganye,
ruwa ya cinye zanen yatsan, ya bar shi sumul kamar bayan cokali.
Ta goga a zani. Ya ƙi.
Ta hura masa iska, ta yi bisimilla. Ya ƙi.
Ta ce wa yarinyar da ke riƙe da shi,
'yata, gaya masa tun ba a haifi ubansa ba nake layin nan.

Yarinyar ta dubi katin, ta dubi fuskar,
ta kira na gaba da ita, suka cike wata takarda.
Mma Zuwera ta shiga bayan kwali ita kaɗai.
Ba wanda ya tura mata komai a wurin.

Ni ma na shiga.
Waya shida na rawa a jakata, kowacce da sunanta,
amma takarda ɗaya aka ba ni,
tawada ɗaya aka ɗiga mini.

A hanyar gida ta riƙe hannuna saboda ramuka.
Ta ce, dattijon nan na waya, ko ya samu ya yi zaɓe?
Na ce, ya yi, Mma.
Ta ce, Allah ya sa ya zaɓi abin da zai iya kwana da shi.

Tawadar ta yi sati biyu ba ta fita ba.